Murfin Rijiyar Aduwa

Litinin 14 ga Afrilu, da hantsi, Tawa

Yaya Zalika ta kira daga gida. Pampo ya tsaya. Tun Alhamis wai, amma sai yau ta ga damar faɗa wa ƙaninta. Na ce me ya hana ku kira? Ta ce, "To da mun kira mi za ka yi, Abdurazak? Ka turo muna ruwa ta telefon?" Ta kashe.

Ina zaune a rumfar gyaran telefon bakin tasha. Pano ɗaya ne na hasken rana a kan rufinmu, ɗan ƙarami, yana ta cika wa mutane batir tun safe bai gaji ba. Can Garin Aduwa kuwa panonin da furoje, aikin nan na masu ba da taimako, ya kafa sun isa a yi wa amarya rumfa, rana kuma tana dukansu kamar ta kashe mutum. Amma babu ruwa.

Na roƙi maigida izini. Ya ce in tafi, in kuma na dawo na tarar da wani a kujerata kada in yi mamaki.

Laraba 16 ga Afrilu, la'asar, Garin Aduwa

Bari in rubuta yadda abin yake, don kada gobe wani mai babbar riga ya zo ya canza labarin.

Rijiyarmu ɗaya ce. Kakan Baba ya haƙa ta. Bara furoje ya zo, suka zura pampo a ciki, suka kafa pano da shato, wato tankin ruwa na sama, da robine na tarar ruwa, suka gina wa dabbobi kwami mai tsawo. Abu mai kyau, wallahi, har yanzu ina cewa mai kyau ne. Na ga Inna ta buɗe robine tana dariya ita kaɗai. Sai kuma suka zuba wa bakin rijiyar murfi na siminti da ƙarfe, suka bar huda daidai wuyan pampo. Don tsabta, in ji su.

Duk bazara, idan ruwa ya yi ƙasa, ana yasa. Mutum ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ya riƙa cika wasaki da rairayi, sa yana ja daga sama, har idon ruwa ya buɗe. Baba ne mai sauka tun kafin a haife ni. Masu furoje ba su tambaya ba. Mutanenmu kuma ba su faɗa ba, wai sun ɗauka injin rana ya fi ƙarfin rairayi, kuma wai ba a yi wa baƙo musu ranar da ya kawo alheri. Suka zauna a tabarma suna "madalla, madalla" har aka liƙe.

Na tarar da Baba durƙushe a kan murfin, kunnensa a bakin hudar. Ya ce, "Tana nan. Zo ka ji sanyinta." Ban je ba.

Shanunsa yanzu sai rijiyar su Alƙasum, makiyayan da ke can arewa, tafiyar rabin wuni. Su sha yau, gobe su kwana da ƙishi. Goshi, farar saniyar da ya fi so, cikinta ya tsufa. Ita ce ƙarshe a tafiya, ita ce ƙarshe a dawowa.

Alhamis 17, azahar

Na share panoni da rawanina. Ban san dalili ba. Lafiyarsu ƙalau.

Lahadi 20 ga Afrilu, da walaha

Mustafa teknisiyan na furoje ya zo a kan babur, rigarsa jiƙe sharkaf. Ya zaro pampo ta hudar, ya kwance shi a kan buhu. Rairayi ya zubo kamar an fasa ƙulli. Ban ma buɗe baki ba ya ce, "Na sani, malam. Yasa take so. Garinmu ma da rijiya." Na ce to a fasa murfin mana. Ya dube ni kamar na ce ya saki matarsa.

"In fasa da wace takarda? Ba a miƙa aikin ba tukuna. Sai baƙi sun zo sun gani."

"Yaushe za su zo?"

"Suna tafe."

Ya wanke pampo, ya mayar. Ruwa ya zo ja wur, rabin kwami. Mata suka yi ca a kai da bido, wato jarkoki. Kafin la'asar ya sake shaƙewa. Mustafa ya sha furar da Inna ta ba shi yana kallon ƙasa, don ya san da wane ruwa aka dama ta. Ba na jin haushinsa. Na so in ji, abin ya ƙi.

Talata 22 ga Afrilu, azahar, Tawa

Biron furoje, ofishinsu. Sanyin injin ɗakin har ya sa ni atishawa. A kusurwa akwai wata kwalbar ruwa ƙatuwa a kife, tana yin gulgul duk lokacin da wani ya tara kofi. Na zauna ina jin gulgul ɗin nan har hantsi ya wuce.

Mushe Yakubu, shugabansu na nan, mutum ne mai fara'a. Abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan. Da ya kore ni da na san inda zan sa fushina. Sai ya ba ni kujera, ya yaba faransancina, ya tambayi inda na yi karatu. Na ce a kwandon shara na lakkol, makarantar boko, da littattafan da ƴaƴanku suka jefar. Ya yi dariya, wai ina da barkwanci.

Ya ce masu ba da taimakon sharaɗinsu ke nan: rijiya a rufe ruf. Garin da ya fasa murfi an cire shi daga kashi na biyu, wato pano na ɗakin shan magani da injin niƙa na mata. Ya ce ya rubuta Yamai. Yamai za ta rubuta can gaba. Na ce shanu ba su iya jiran amsa. Ya ce, "Ɗan'uwa, haƙuri kaɗan. Shanun Adar an san su da juriya."

An san su da juriya. Na maimaita maganar nan tun daga ƙofar biro har tasha. An san su da juriya. Shi da ko akuya bai taɓa ɗaurewa ba.

Juma'a 25 ga Afrilu, bayan sallah, Garin Aduwa

Taro a gindin aduwa. Kawu Tukur, ƙanin Inna, shi ne farzidan, wato shugaban kumiten ruwa, maɓallin shingen rijiya yana rataye a wuyansa kamar laya. Ya ce a yi haƙuri. Liman ya ce a yi haƙuri. Na miƙe na ce haƙurin nan a wane kwami ake zuba shi? Kawu ya ce, "Kai, ɗan Idrisa, zamna. Wanga taro na masu gemu ne. Birni ta cinye maka kunya." Aka yi dariya. Baba bai ɗaga kai ba. Shi da ya fi kowa sanin cikin rijiyar nan, ko tari bai yi ba.

A gida Yaya Zalika ta tare ni a bakin murhu. Na zaci za ta goyi bayana.

"Malam mai littahi, an ce ka yi wa'azi."

"Gaskiya na faɗa."

"Gaskiya ta shanu. Ka san da mi na haihi Nana? Da hitilar telefon, ungozoma ta riƙe ta da haƙori. Batir ya mutu ana tsakiyar ɗinki. Kai kana Tawa kana karatu ƙarƙashin ƙwan lantarki. In anka hwasa murhin ga, ɗakin magani ya zamna cikin duhu, kai za ka zo ka riƙe muna hitila?"

Na ce mata tuwonta ya yi gishiri.

Asabar 26, da safe

Ƙyama nake ji. Ta biro, ta kumite, ta masu "madalla". Ta bakina ma, da ba ya iya komai sai magana.

Litinin 28 ga Afrilu, magariba

Na raka Baba ban ruwa. Ba zan rubuta tafiyar ba, ƙafafuna sun riga sun rubuta. Alƙasum ya bar mu mun ja ruwa bayan raƙumansa sun sha, har ya ba Baba shayi. Amma na leƙa wasakinsa, rabi laka ne. Ya ce da hausarsa ta mutanen daji, "Idrisa, rijiyata ta gaji. Ni ba ni kore ka. Ita za ta kore mu duka."

A hanyar dawowa Goshi ta durƙusa sau da yawa. Baba ya riƙa kama ƙahonta yana yi mata magana a kunne, irin muryar da bai taɓa yi mini magana da ita ba. Muka wuce ta gefen shingen. Panoni suna ta ƙyalli, jar rana a kansu, kyau kamar a hoto.

Laraba 30, azahar

Maraƙin Goshi ya zo kafin lokacinsa. Bai tashi ba.

Alhamis 1 ga Mayu, hantsi

Maigida ya aiko saƙo: ya sa wani a kujera. To.

Goshi tana kwance a inuwar rumbu. Inna tana rage ruwan girki tana kai mata a ƙwarya, tana ɓoyewa kamar mai sata. Yaya Zalika ta gani. Ta juya baya. Da na sake wucewa sai na ga ƙwaryar ta cika, kuma Inna tana ɗaki.

Lahadi 4 ga Mayu, la'asar

Yau na ga abin da ban taɓa zaton ɗan Adam zai yi ba.

Motar sitarni ta zo daga Tawa cike da ruwa. Gari ya ɗauka. Mata suna guɗa, tsofaffi suna addu'a, kowa ya fito da abin da zai tara, har da tukunyar miya. Direba bai ko kalle mu ba. Ya shiga shinge, ya ja tiyo, ya ɗura ruwan duka cikin shato. Kawu Tukur ya kulle robine, ya kulle shinge. Aka ajiye mai gadi da sanda.

Ruwan na baƙi ne. An sa musu rana, Asabar mai zuwa. Idan sun buɗe robine dole ruwa ya fito.

Na ce, "Kawu, ka ji tsoron Allah." Ya ce a hankali, ba irin muryar taro ba, "Ɗana, kana tsammani ni ba ni da awaki? Biyu na gina ma rami. Asabar dai. Su gani, su sa hannu, su tahi, sannan mu yi abin da munka ga dama." Idonsa ya yi ja. Shi ma na so in tsane shi sosai, ya ɓata mini.

Shato yana ɗan yoyo a gindi. Shanun gari sun ji ƙanshi. Suka zo suka jeru jikin waya, ba kuka, ba ture, tsaye kawai, hancinsu a cikin ragar. Mai gadi ya juya kujerarsa ya ba su baya.

Litinin 5, da safe

Suna nan tsaye.

Talata 6, azahar

Suna nan. An san su da juriya.

Laraba 7 ga Mayu, la'asar

Yau an ci nama a gidanmu. An kai wa maƙwabta. An kai wa Liman. An kai wa Kawu, ya maido.

Baba ya wanke wuƙarsa da ƙasa, don babu ruwan da za a ɓata. Fatar tana shanye a kan danga, fara, da ɗan baƙin nan na goshi. Na bi ta bayan gida don kada in wuce ta wajen.

Ban ci ba. Baba ya ci loma ɗaya don kada Inna ta yi kuka.

Alhamis 8, hantsi

Sauran shanun sun fara irin tafiyar da Goshi ta yi. Saniyarmu Ja-ƙaho ma ta durƙusa jiya.

Baba ya fito da igiyar yasa daga rumbu, ya zauna yana bin ta taƙi-taƙi da yatsa, inda ta lalace ya sake tufka. Yaya Zalika ta tsaya a kansa da Nana a goye, ta daɗe. Sannan ta ce, "Baba, gudumar maƙera tana gidan mijina. In wani ya tambaya." Ta dube ni. "Kai kuma in na sake haihuwa cikin duhu, wallahi kai za ka riƙe hitilar, kana kallo."

Na ce na yarda. Ta ce ba tambayata ta yi ba.

Juma'a 9 ga Mayu, la'asar

Rubutuna ya karkace, hannuna ya kumbura.

Bayan an sauko daga sallah murfin rijiya ya tsage. Zafin rana ne. Kowa ya san siminti ba ya jure bazarar Adar. Mai gadi ya tafi kama ruwa a lokacin, bai ga komai ba. Kawu Tukur yana nan tsaye, shi ma bai ga komai ba, sai dai ƙurar siminti ta hau masa gemu. Liman ya leƙa ramin ya ce Allah Shi ne masani. Ramin ya isa mutum da wasaki, gefensa a daidaice. Rana ta iya aiki.

Baba ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya sa ƙafa ɗaya a baki. Ya ciro ta, ya sake sawa. Maza kowa yana kallon takalminsa. Ban san lokacin da na ce ya kwance igiyar ya ba ni ba.

Ni ban taɓa shiga rijiya ba. Ina jin tsoron ko leƙawa.

Ciki da sanyi, da wari irin na tulun da aka manta. Sama ta koma kamar faifai. Rairayi har gwiwa, ruwa a kansa ɗan kaɗan. Muryar Baba tana saukowa tana bugun bango: "Gehen gabas! Kada ka gina ƙarƙashin siminti, kai, sakarai! Bi inda ka ji sanyi ga tahin ƙahwa!" Na riƙa cikawa, sa yana ja, rairayi yana zubo mini a ka da ido. Na zagi furoje, na zagi Yamai, na zagi can gaba da Yamai. Ashe duk ana ji a sama. Wani ya ce, "Idrisa, ɗanka ya iya karatu." Dariyarsu ta sauko mini.

Can sai na ji wani abu yana tsunkulin ƙafata daga ƙasa, sanyi ƙarara, yana tasowa. Na bar zagin. Baba ya ce, "Ka ji ta?" Na ce na ji.

Asabar 10 ga Mayu, da sassafe

Mustafa ya kwana a gari. Ya wanke pampo ya mayar, bai tambayi kowa komai ba. Mushe Yakubu ya iso da motar kujeru, ya tsaya a kan ramin ya cire tabarau ya mayar. Ya ce, "Wa ya yi wannan?" Kusan mutum ashirin suka ce, "Rana." Ya dubi hannuna. Na sa a aljihu.

Ya sa aka jera katako, aka shimfiɗa darduma, aka ɗora kujerar babbar baƙuwa daidai kan ramin.

Asabar, la'asar

An yi. Motoci, hula, jawabi. Mai fassara ya ce baƙuwa ta ce rijiyar Garin Aduwa abin koyi ce, a rufe ruf, ko ƙuda ba ya shiga. Aka tafa. Liman ya tafa. Kawu ya tafa. Waɗanda jiya suka riƙe mini igiya suka tafa har da "madalla". Sai na ga ni ma hannuna ɗaya yana bugun cinya, don ɗayan ba ya tafuwa.

Rana ta take tsaka, pampo ya ɗauka, kwami ya fara cika da ruwanmu, ba na sitarni ba. Ana tsakiyar jawabin Mushe Yakubu sai ga Baba da shanunsa. Bai sa babbar riga ba. Bai kewaya ba. Ya bi da su ta tsakanin kujeru, jami'ai suna ɗage ƙafa, Ja-ƙaho ta ture teburin lemo. Suka zuba baki a kwami. Ba ka jin komai sai shan ruwa. Baƙuwa ta miƙe tana ta ɗaukar hoto, wai abin ya taɓa mata zuciya. Haƙarƙarinsu ma ta ɗauka.

Da za su tafi Mushe Yakubu ya ja Kawu gefe. Na ji ya ce, "Maganar kashi na biyu, za mu gani." Yaya Zalika ma ta ji. Ta gyara goyonta ta wuce, ba ta kalle ni ba.

Lahadi 11 ga Mayu, hantsi

An ɗauke darduma. Kawu ya sa maƙera su yi wa ramin ƙyauren ƙarfe mai buɗewa.

Shanu sun sha da safe daga abin da ya kwana a shato, sun sake sha yanzu. Ja-ƙaho tana tuƙa. Baba yana zaune a bakin kwami yana naɗe igiya. Ya gama, ya miƙo mini, na zaci rumbu zan kai.

Ya ce, "Baɗi ka zo da wuri, tun ruwa bai yi ƙasa ba. Guwawuna sun ƙare."

Na ce, "Baba, ni a Tawa nake."

Ya ce, "Na sani."

Igiyar tana da nauyi, kuma har yanzu a jiƙe take.